Agogon dala dubu da kuɗin hayar da ke biyo bayansa

Duk wanda ya taɓa neman agogon motsa jiki mai GPS ya san yadda masu sharhi suke jera su. Ga na Garmin, ga na Apple, ga na Samsung, ga Coros da Suunto a gefe, sannan a zana jadawali: nauyin kowanne, hasken fuskarsa, zurfin ruwan da zai iya jurewa, yawan wasannin da ya sani. A ƙarshe a ce wane ne ya yi zarra. Ni ina ganin mafi yawan wannan kwatance ana yin sa ne a kan abin da ba shi ke raba agogunan ba. Abin da ake yi wa talla da babbar murya, wato daidaiton gano wuri, kusan duk manyan agogunan sun kai matsayi ɗaya a kansa. Abin da ke raba su na gaskiya shi ne batir, da taswira, da kuma tambayar da jadawali ba ya ɗauke da ita: bayan ka biya kuɗin agogon, shin ya zama naka, ko kuwa za ka ci gaba da biyan haya a kansa?

Bari mu fara da GPS ɗin kansa, tunda da sunansa ake cin kasuwa. Tsari ne na sojojin Amurka, an harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala tsayuwa da ƙafafunsa a 1995. Taurarin suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana ta aiko da saƙon inda yake da kuma lokaci. Agogon da ke hannunka ba ya aika musu komai, saurare kawai yake yi. Idan ya ji guda huɗu ko fiye, sai ya lissafa tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ya fitar da inda kake. Saƙon yana tafiya ne da gudun haske, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake tsaye. Har zuwa watan Mayu na shekarar 2000, da gangan gwamnatin Amurka take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Daga wannan umarnin ne kasuwar agogon gudu da na golf ta samu ƙasar tsayawa. Yau kuma ba GPS kaɗai ake saurare ba, akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na China, kuma duk saƙonsu kyauta ne. Agogon dala 200 da na dala 1,000 sararin sama ɗaya suke kallo.

Akwai ci gaba ɗaya da ya cancanci a biya masa kuɗi, shi ne sauraren saƙon taurarin a kan zango biyu a lokaci guda, waɗanda ake kira L1 da L5. Amfaninsa yana fitowa ne a inda saƙo ke bugun bango ko dutse ya dawo kafin ya iso gare ka: tsakanin dogayen benaye, cikin kwazazzabo, ƙarƙashin kurmi mai duhu. A irin waɗannan wurare tsohon agogo yakan zana maka hanya a karkace, ya nuna ka bi ta cikin gini ko ka tsallaka kogi alhali kana kan titi. To amma wannan fasaha ta daɗe da saukowa daga manyan agoguna zuwa matsakaita. Kuma filin golf, in ka cire gindin bishiyoyi, fili ne fetal, sama a buɗe take. Nan ne wurin da GPS ya fi jin daɗin aiki, nan ne kuma ƙarin kuɗinka ya fi rashin tasiri.

A golf ne na fi ganin ana sayar wa mutane abin da hannunsu bai kai ba. Ka dubi ɗan wasa ya tsaya kan ƙwallonsa, ya juya tsintsiyar hannu, agogo ya ba shi lamba uku: yadi 138 zuwa bakin lallausar ciyawar da ramin yake ciki, 151 zuwa tsakiyarta, 164 zuwa bayanta. Lambobin nan suna da amfani ƙwarai, ban musa ba. Sai dai agogon bai san inda aka kafa tutar ba yau, domin masu kula da fili suna sauya wa ramin wuri a kai a kai, sai in kai ka ja alamar da yatsa zuwa inda kake tsammani. Sannan ɗan wasan da ba ƙwararre ba, idan ya buga ƙwallo goma da sanda ɗaya, tsakanin mafi nisa da mafi kusa za ka samu yadi ashirin ko fiye. Mutumin da bugunsa ke da irin wannan tazara, me kuskuren yadi biyu a agogo zai rage masa, me kuma gyara shi zai ƙara masa? Wanda bugunsa ya nuna har yadi biyu ke damunsa, galibi ya riga ya rataya na'urar auna nisa mai leza a jakarsa, wadda ke harba haske kan tutar kanta ta ba shi lamba ɗaya tak, kuma yawancinsu ba su kai rabin kuɗin babban agogo ba.

Inda agogo ya fi leza shi ne inda ido ba ya gani. Hanyar zuwa rami ta karya kwana bayan bishiyoyi, ko tudu ya tare maka gaba, ko akwai tafki da ramin yashi a ɓoye, leza ba ta da abin da za ta harba. Agogo mai cikakkiyar taswirar fili zai nuna maka siffar hanyar zuwa ramin gaba ɗaya, ka taɓa wurin da kake so ƙwallo ta sauka ya faɗa maka nisansa. Ga kuma sauri: kallo ɗaya ya wadatar, ba sai ka zaro na'ura ka saita ido ba, alhali dokokin wasan suna ba da shawarar kada mutum ya wuce daƙiƙa 40 a kan bugu ɗaya, kuma na bayanka suna jira. Saboda haka a golf, taswira ce kayan sayarwa. Garmin ta fito da Approach S70 a 2023 ɗauke da taswirar filaye sama da 43,000, ƙaramin a kan dala 650, babban dala 700. Amma taswirar filayen nan ɗin tana cikin Fenix, agogonta na masu hawan dutse da dogon gudu, har ma agogunanta na golf masu araha suna ba da waccan lamba uku daga rumbu ɗaya. Apple Watch Ultra, da ya fito a 2022 a kan dala 799, bai zo da manhajar golf ta kansa ba, sai ka sauke ta wasu kamfanoni irin su Golfshot ko Hole19 ko Arccos, waɗanda mafi daɗin abin da ke cikinsu na masu biyan kuɗi ne.

Wani abu da masu talla ba sa son ɗaga murya a kansa: rabin abubuwan burgewar da suka sa agogon golf ya yi tsada haramun ne a gasa. Tun sabunta dokokin da hukumomin golf na R&A da USGA suka yi a 2019, doka ta 4.3 ta halatta amfani da na'urar auna nisa, sai dai in kwamitin gasa ya hana. Amma ta hana na'urar ta auna maka tudu da gangare, ta kuma hana ta zaɓa maka sandar da za ka buga. To ga shi manyan agogunan da waɗannan biyun suke taƙama: nisan da aka gyara da lissafin hawa da sauka, da mai ba da shawara na cikin agogo wanda ke duba tarihin bugunka da iska ya ce ɗauki sanda kaza. Shi ya sa suke zuwa da wani maɓalli na gasa wanda ke kashe su. Ranar da wasan ya fi muhimmanci ke nan, ranar ce agogon dala 700 zai koma yin aikin na dala 200. Wani zai ce ai a ranakun atisaye yana koya maka. Haka ne, in kana lura. Amma na fi ganin masu bin umarnin agogo ido rufe, waɗanda ranar da aka kashe musu shi sai ka ga suna juya sanduna a jaka kamar yau suka fara.

Akwai abu ɗaya a ɓangaren golf da nake ganin ya fi duk sauran daraja, kuma ba a cika yi masa talla ba: rubuta nisan kowane bugu. Agogon yana jin girgizar hannu lokacin da sanda ta haɗu da ƙwallo, ya ajiye wurin, in ka isa inda ta faɗi ya lissafa. Bayan wata biyu zai gaya maka gaskiyar da abokan wasanka suke jin nauyin faɗa, cewa sandar da kake rantsuwa tana kai maka yadi 160, a zahiri 145 take kaiwa, 160 ɗin sau ɗaya ka taɓa yi da iska a bayanka. Yawancinmu bugunmu mafi kyau muke tunawa, shi ya sa ƙwallo ke yawan faɗuwa kafin ta isa. Wannan ilimi yana rage bugu a katin maki. Kuma ba sai da agogo mafi tsada ake samunsa ba, kamfanin Shot Scope na Scotland a kan wannan ya gina kasuwarsa.

Idan aka bar filin golf aka shiga daji, magana takan sauya, domin a nan batir ne sarki. Zagayen ramuka 18 awa huɗu ne zuwa biyar, kowane agogo zai kai. Amma mai tafiyar kwana uku a tsaunuka, ko mai tseren da ake kwana ana gudu, lissafinsa daban. Apple ta ce Ultra na farko yana yin awa 36 a amfani na yau da kullum. Fenix 8, wanda ya fito a watan Agustan 2024 daga dala 1,000, ana lissafa nasa da kwanaki, har ma da makonni a babban samfurin. Ba wai injiniyoyin wani kamfani sun fi na wani ba ne. Apple da Samsung ƙaramar waya suka ɗaura maka a hannu, mai amsa kira da saƙo da manhajoji barkatai, ita kuwa waya cin wuta take yi. Garmin da Coros da Suunto na'urar auna motsi suka ƙera, sannan suka ɗan yayyafa mata ayyukan waya. Kafin ka dubi farashi ma, wayar da ke aljihunka ta riga ta yanke rabin hukunci: agogon Apple sai da iPhone, Galaxy Watch Ultra na Samsung sai da Android, su kuwa sauran suna tafiya da kowacce.

Fuskar agogo ma zaɓi ce tsakanin kyau da juriya. Mai haske irin na waya, AMOLED, tana fito da taswira tas, kore ya fita kore, ruwa ya fita shuɗi, amma tana shan batir. Ɗaya nau'in, mai dishi-dishi a cikin ɗaki, da hasken rana take aiki, rana na ƙara zafi tana ƙara fitowa, kuma ita ake haɗawa da gilashi mai cajin rana. A kanti mai hasken ce ke sace zuciya, kullum. A rana ta uku a kan dutse ra'ayi yakan canza. Haka maɓallai: ka gwada shafa gilashi da yatsa mai gumi, ko ruwan sama na zuba, ko da safar hannu saboda sanyi, ka ga yadda shafi ke tsalle zuwa inda ba ka aike shi ba. Maɓallai biyar na gefen Fenix ba ado ba ne, kuma ba banza Apple ta ƙara wa Ultra babban maɓalli mai ruwan lemo ba.

Su kuwa lambobin lafiya, a riƙa ɗaukarsu da hankali. Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogo yana leƙa yadda jini ke kai-kawo a ƙarƙashin fata ne, daga nan ya ƙiyasta bugun zuciya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. Shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma a lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, mafi kyawunsu ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Sun kuma lura kuskuren ya fi yawa a kan masu duhun fata, abin da ya kamata mai saye ya sani, kuma ba za ka gan shi a jikin kwali ba. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma har yau masu tsere na gaske ɗamarar ƙirji suke ɗaurawa idan suna son lamba sahihiya, irin wadda Polar ta Finland ta fara fitarwa a 1982. Sauran makin da agogo ke ba ka da safe, na barci da na gajiya da na shirin atisaye, ƙiyasi ne da aka ɗora a kan ƙiyasi. Yana da amfani wajen ganin inda ka dosa cikin wata guda. Amma mutum ya tashi garau, agogo ya ce masa a gajiye yake, ya koma ya kwanta, wannan kam an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi na gaske. A da, hujjar mai sayen Garmin ita ce: na biya da tsada, amma sau ɗaya na biya. Fitbit, wanda Google ta kammala saye a 2021, ya daɗe da ɓoye wasu bayanai bayan kuɗin wata, Whoop kuwa, mai abin ɗaurawa a hannu na auna lafiya, gaba ɗaya a kan kuɗin rajista yake tafiya. Sai ga shi a watan Maris na 2025 Garmin ta ɓullo da nata tsarin rajistar, Connect+, kusan dala 7 a wata. A ɓangaren golf dama akwai rajistar kusan dala 10 a wata ga mai son ganin gangaren lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Kamfanin ya ce abin da yake kyauta zai ci gaba da zama kyauta, kuma ban ce ƙarya yake yi ba. Damuwata sabon abin da za a ƙirƙiro gobe ne: a wane ɓangaren katanga za a ajiye shi? Kamfanin da ya ɗanɗani kuɗin wata yana da dalilin kai kowane sabon abu mai daɗi can ciki. Dala 10 a wata, cikin shekara biyar dala 600 ke nan, kusan kuɗin wani S70 ɗin. Babu jadawalin kwatancen da na gani yana sa wannan a layin farashi, alhali nan ne wurinsa.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Filayen golf suna sauya fasali, ana haƙa sabon ramin yashi, ana matsar da wurin bugun farko, dole wani ya sake zana taswira. Rumbunan da ke ajiye tarihin gudun miliyoyin mutane suna cin wuta da ma'aikata. Aikin da ba ya ƙarewa, in ji su, ba a biyansa sau ɗaya. Na yarda da wannan a kan abin da yake da kuɗin gudanarwa a fili, kamar aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam daga inda babu sabis, wanda akwai mutanen da ke zaune dare da rana suna jiran sa. Wannan a biya, ya cancanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a auna zuciyata da na'urar da na saya, a kan hannuna, sannan a sayar mini da fassarar abin da aka auna. Ribar da ke cikin agogon dala 1,000 ta isa ta ɗauki nauyin wannan.

Kuma dogaro da rumbun kamfani yana da nasa haɗarin ko da ba a karɓi ko sisi ba. A watan Yulin 2020 masu kutse suka kulle kwamfutocin Garmin suna neman kuɗin fansa, aka yi kwanaki mutane ba sa iya tura atisayensu daga agogo zuwa manhaja. TomTom ta taɓa yin agogon gudu da na golf masu farin jini, ta fice daga kasuwar, a 2023 ta rufe manhajar da suke dogaro da ita. Agogunan suna nan da ransu a hannun masu su, gidan da suke kai rahoto ne aka rushe. Agogunan Pebble da Microsoft Band duk sun bi wannan hanya. Ga batirin da aka manne a ciki, wanda ƙarfinsa ke raguwa shekara bayan shekara, kuma ba kowa ke iya canza shi ba. Jikin titaniyom da gilashin saffaya za su yi shekara ashirin, abin da ke cikinsu ba zai yi ba. Mai sayen TAG Heuer na golf saboda sunan agogon Switzerland ya tuna cewa wannan ba irin wanda ake bar wa jikoki ba ne.

Sai batun wanda ke ganin inda kake. A watan Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa, mai nuna hanyoyin da masu amfani da ita suka fi bi, ta fallasa fasalin sansanonin soja a wurare irin su Afghanistan da Siriya, saboda sojoji suna zagaye su da gudu da agogo a hannu. Idan hakan ta faru da soja, ina ga wanda kullum gudunsa daga ƙofar gidansa yake farawa, a ƙofar gidansa yake ƙarewa, a lokaci ɗaya kowace safiya? Manhajojin suna da wurin ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, da wurin rufe shafi ga baƙi. Minti biyar ya isa a saita, amma sai wanda ya san da shi.

Da ni ake tambaya, ga yadda zan raba. Wanda golf ce kaɗai damuwarsa, matsakaicin agogon golf mai rubuta bugu ya ishe shi, in ya so ya haɗa da leza, canjin ya biya wa kansa darasi wurin mai koyarwa, wanda zai rage masa bugu fiye da kowace na'ura. Wanda ke gudu cikin gari, yana son amsa kira da biyan kuɗi da hannu, kuma caji kowace rana ko bayan kwana biyu bai dame shi ba, na Apple ko na Samsung zai fi yi masa daɗi. Mai kwana a daji ne kaɗai nake ganin kuɗin Fenix ko manyan Coros da Suunto ya halatta a kansa, domin shi batir da taswirar da ke aiki ba tare da intanet ba suna iya zama bambanci tsakanin komawa gida da ɓata. Shi ma in ya haƙura da samfurin bara, wanda farashinsa ke faɗuwa da zarar sabo ya fito, da wuya ya ji ya rasa wani abu a kan hanya.

Kowanne ka zaɓa, kafin ka miƙa kuɗi ka bincika ko yana barin ka fitar da tarihin atisayenka a fayil na FIT ko GPX, ka ajiye a kwamfutarka, ka kai wata manhajar in ka ga dama. Garmin da Coros da Suunto duk suna bari. Sannan ka buɗe shafin kuɗin rajistarsu ka karanta jerin abin da ke ciki, ka ninka kuɗin watan sau 60, ka ɗora a kan farashin da ke jikin kwali, da wannan jimillar za ka kwatanta shi da na kusa da shi.